Kujerar Masai Mai Duban Gabas

Ɗanliti mai atamfa ba mutumin banza ba ne. Yana salla a kan lokaci, yana ciyar da gidansa, kuma a rumfarsa ta kasuwar Rood Woko ba a taɓa kama shi yana rage wa mutum yadi ba. Aibinsa ɗaya ne. In ga miƙaƙƙiyar hanya ga kuma ta dabara, gani yake an raina masa wayo idan ya bi miƙaƙƙiyar.

Mahaifiyarsa, Inna Kalla, a gidansa take zaune a Zongo tun rasuwar mahaifinsu. Shekarunta sun haura saba'in, gwiwoyi kuma sun ƙi. Tsugunno a tsohon masai ya zame mata azaba. Sai ta shiga ta daɗe, a ji tana nishi, ta fito tana dafa bango. Ba ta taɓa kuka da bakinta ba. Mai kukan shi ne Rashidu, ƙanen Ɗanliti, wanda ya yi boko ya kama gida a unguwar masu kuɗi ta Ouaga 2000, gida mai banɗaki a kowane ɗaki. Duk Juma'a in ya zo gaisuwa sai ya ja wansa gefe.

"Yaya, tsakani da Allah a ba ni Inna. Ɗakinta na nan a gyare, da kujerar masai, zama kawai za ta yi. Ka ga yadda take tafiya kuwa?"

"Na gani. Idona biyu ne kamar naka."

"To me ake jira?"

Ɗanliti ya san abin da ake jira. Shi ne ɗan fari. Ranar da motar Rashidu ta fita da Inna daga layin nan da kayanta, kafin magariba duk Zongo ta gama yanke hukunci cewa babban ɗa ya gaza. Banda surutun mutane ma, shi kansa bai san yadda gidan zai zama ba in babu muryarta da asuba tana tada jikoki. Ita dai ba ta taɓa nuna masa ko a fuska cewa ta fi son zama wajensa ba. Ko sunansa ba ta faɗa, don kunyar ɗan fari. "Mai atamfa" take ce masa, kamar baƙon da ya zo talla.

Sai ya yanke shawarar gina mata banɗaki na zamani a jikin ɗakinta. Matarsa Murja ta ce tunda magina za su shigo, a gyara mata madafa ita ma, a sa famfo da wurin wanke-wanke. Aikin ya ƙunshi fasa katangar waje da haƙa sabon rami, kuma Ɗanliti ya ga abin da ya sami maƙwabcinsa da ya yi irin wannan babu takarda: an zo an zana masa jan fenti a katanga, aiki ya tsaya shekara guda, tulin yashi ya zama wurin kwanan awaki. Don haka ya nufi meri, wato ofishin magajin gari, neman izini.

Wata huɗu ya yi yana zirga-zirga a kan babur. Yau a ce takardar fili, gobe a ce hoto, jibi a ce mai sa hannu ya tafi taro. Mai zanen gini ya zo sau ɗaya ya auna, ya koma ofishinsa ya zana. Bai tambayi ina ne gabas ba, Ɗanliti kuwa da aka miƙo masa zanen hatimin kawai ya duba. Ranar da izini ya fito sai da ya sa takardar a leda biyu. Aka gaya masa in an gama za a turo mai duba gini ya gwada aikin da zanen, sannan a ba shi takardar ƙarshe.

Dabo mai gyaran famfo ne ya yi aikin ruwa. Ya shimfiɗa tiyo, aka manna karo fari, wato tayil, a ƙasa da bango, ya kawo kujerar masai ya ajiye ta inda zane ya nuna, bayanta a bangon yamma. Kafin ya ɗaure ta, Ɗanliti ya je ya kamo hannun Inna don ta sa albarka.

Ta tsaya a bakin ƙofa ta dubi karo, ta dubi famfo, ta dubi kujera. Sai ta leƙa tsakar gida ta dubi inda take shimfiɗa dardumarta.

"Kai mai atamfa. Ina wannan abu ya dosa?"

"Ina ya dosa kamar yaya, Inna?"

"In na zauna, ina fuskata take kallo?"

Ɗanliti ya duba. Gabas sak, kamar da liman aka saita ta.

"Shekara saba'in ban taɓa fuskantar alƙibla a makewayi ba, ban kuma ba ta baya ba," in ji Inna. "Sai yanzu da nake dab da kabari za ka zaunar da ni a kan farar kujera ina kallon Makka? Na gode. Allah ya yi albarka." Ta juya ta koma ɗaki tana dogara sandarta.

Da la'asar ya tare liman a ƙofar masallaci. Liman ya ce malamai da dama sun yi sauƙi a kan wannan in cikin gini ne mai bango, hanin ya fi ƙarfi a fili. Ɗanliti ya dawo gida da murna ya isar da fatawa.

"To liman ya zo ya zauna," in ji Inna.

Washegari ya tsare Dabo. Dabo ya tsuguna ya leƙa bayan kujerar, ya ce abu mai sauƙi ne, ramin tiyon yana kusa da kusurwa, ana iya juya ta ta dubi arewa. Amma zane ya ce gabas.

"Alhaji, ka koma meri ka gaya musu. Ƙila ma ba wani abu ba ne."

"In koma ina? Wata huɗu na yi kafin su buga hatimi ɗaya. In na ce a gyara zane sai Inna ta yi azumi biyu a Ouaga 2000."

"To ka kira su a waya ka tambaya mana."

"Wanda ya tambaya ya tona kansa, Dabo. Kai dai ba ka san gwamnati ba."

A nan dabara ta zo masa, ya ji daɗinta har ya yi dariya shi kaɗai. Ba za a ɗaure kujerar ba. Dabo zai haɗa ta da tiyon roba mai lanƙwasa, a juya ta arewa, Inna ta fara amfani da ita. Ranar da mai duba gini zai zo, a maida ta gabas na awa ɗaya, ya gani, ya sa hannu, ya tafi. Sannan a juya ta arewa a ɗaure da kusoshi da siminti har abada.

Dabo ya sosa ƙeya. "Tsohuwa za ta riƙa zama a kan abin da ba a ɗaure ba?"

"Inna nauyin me gare ta? Ka tokare da bulo biyu ta baya."

Dabo ya san ba daidai ba ne, amma ya yi. Irinsa suna da yawa, masu faɗin gaskiya sau ɗaya a hankali don a shaida sun faɗa, sannan su ɗauki kayan aiki.

Inna ta zo ta ga kujera na duban arewa. Ta zauna a kan murfin ta gwada, ta tashi ba tare da an kama ta ba. Ran nan ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Da Rashidu ya zo ranar Juma'a, Ɗanliti ya kai shi ya nuna masa, ya ja ruwa sau biyu don ya ji ƙarar.

Kwana goma sha biyu ana haka, sai aka bugo waya daga meri: ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe. Ɗanliti ya tsara komai. Akwai suna a Kossodo a gidan wata 'yar ƙawar Inna, ya matsa wa Inna ta je, har ya ɗauko mata tasi. Tana fita, shi da Dabo suka janye bulo suka juya kujera gabas. Dabo ya shafa farin siminti kaɗan a gindinta don ta yi kama da ɗaurarriya.

Goma ta yi, sha ɗaya ta yi. Ɗanliti na tsaye a ƙofar gida da takardu a hammata, duk babur ɗin da ya shigo layi sai ya gyara hula. Sha biyu da rabi, abin hawa ya tsaya, amma tasi ce. Inna ta dawo.

"Zafi ya yi yawa, kuma shinkafarsu ba ta nuna ba," ta ce. "Murja, zuba min ruwa a buta, zan kewaya in yi alwala."

Ɗanliti ya riga ta shiga da gudu. "Dabo, arewa! Arewa!"

Suka rungumi kujera suka murɗa, farin simintin ya farfashe, Dabo ya share da ƙafa ya cusa bulo. Suka fito suna haki daidai lokacin da Inna ta iso ƙofa.

"Ku biyu me kuke yi a makewayi?"

"Famfo muke dubawa, Inna."

Ta shiga. Ba ta daɗe da fitowa ba aka yi sallama da Faransanci a zaure. Mace ce, doguwa, da hular kwano a hannu da jaka a kafaɗa. Ta ce sunanta Madam Tapsoba, daga sashen duba gine-gine, ta ba da haƙurin latti, gida huɗu ta duba tun safe. Ɗanliti ya yi tsammanin namiji, har ya tanadi hirar ƙwallo.

"Madam, a fara da madafa. Murja, nuna wa Madam madafa, ki nuna mata komai da komai."

Murja, wadda ta san dukan shirin kuma ba ta goyi bayansa ba tun farko, ta harare shi ta ja baƙuwa. Inna na zaune a kan darduma tana lazimi, ta ba banɗaki baya. Ɗanliti ya yi wa Dabo alama da gira. Suka lallaɓa.

"Gabas," ya raɗa.

"Alhaji, tiyon nan fa ya gaji da murɗa."

"Yau ce ta ƙarshe. Ɗaga!"

Suka juya. Wani abu ya yi ƙara a baya kamar an taka kwaɗo. Dabo ya jefa bulo biyun ta taga.

Madam Tapsoba ta gama da madafa cikin minti goma. Ta buɗe famfo, ta leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta duba tagar hayaƙi, ta fita ta auna tsakanin sabon rami da rijiya da igiyar awo, ta rubuta. Tana dawowa tsakar gida Inna ta shafa addu'a. Madam ta rusuna ta gaishe ta da Mosanci, ta kira ta Yaaba, wato kaka. Inna kuwa ta shekara hamsin a garin nan, Mosancinta ya fi na Ɗanliti. Nan take hira ta ɓarke: 'yar wane gari ce, 'ya'ya nawa, me ya kai mace aikin leƙa ramin masai a wannan rana.

"Zo in nuna miki da kaina," in ji Inna, ta kama hannunta ta miƙe. "Don ni aka gina. Da farko sun yi shirme, na sa aka gyara."

Ɗanliti ya sha gabansu. "Inna ki huta, ni zan kai ta."

"Matsa."

Ya matsa. Matan biyu suka tsaya a ƙofar banɗaki. Inna ta ɗaga sanda za ta yi nuni, sandar ta tsaya a sama. Ta dubi kujera. Ta dubi bangon kudu inda bayanta yake ɗazu. Ta sake duban kujera.

"Kai mai atamfa."

"Na'am, Inna."

"Wannan abu ƙafa gare shi?"

Murja ta toshe baki da mayafi ta koma madafa, ana jin ta tana tari.

"Yanzun nan na tashi daga kansa yana duban arewa. Ko kafin in idar da raka'a huɗu shi ma ya ji kiran salla ya juya?"

Madam Tapsoba ba ta jin Hausa sosai, amma ta ga fuskoki. Ta shiga, ta sa gwiwa ta ɗan tura kujerar. Kujera ta gusa kamar kwando. Ruwa ya ɓulɓulo daga baya ya malalo kan farin karo, kuma ba ruwan alwala ba ne. Ta ja da baya, ta ciro ɗan ƙarfe daga jaka ta ƙwanƙwasa karo ɗaya bayan ɗaya. Na kusa da ƙofa suka yi ƙara mai ƙarfi. Na kusa da kujera suka yi kamar ana buga ƙwarya.

"Wa ya yi aikin nan?"

Dabo ya nuna Ɗanliti. Ɗanliti ya nuna Dabo.

"Tun yaushe tsohuwar nan take zama a kan wannan?"

"Kwana... kwana kaɗan ne, Madam."

"Sha biyu," in ji Murja daga madafa.

Madam ta rufe littafinta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta ce ya gaya mata dalili. Ya fara kame-kame, Faransancinsa ya ƙare, ya koma Mosanci, ya ƙarasa da hannu: zane ya ce gabas, Inna ta ce arewa, shi kuma yana tsakiya.

"Saboda wannan?" Ta dube shi kamar ta ga sabon abu. "Malam, a unguwar nan gida nawa kake tsammani na shiga aka juya kujera saboda alƙibla? Ni ina ruwana da inda take kallo? Ta kalli sama ma in tana so. Layi ɗaya nake rubutawa a gefen zane in sa hannu. Abin da nake dubawa, ta ɗauru, ba ta yoyo, ramin ya yi nesa da rijiya. Ramin naka daidai yake. Madafa daidai take. Wannan kuwa, da Yaaba ta jingina gefe ɗaya da yanzu a asibiti kuke da karyayyen ƙugu."

Ta ce ruwa ya daɗe yana shiga ƙarƙashin karo, dole a fasa ƙasan, a bar shi ya bushe, a sa tiyo na gaske, a sake daɓe. Kada kowa ya yi amfani da wurin kafin nan. Za ta dawo bayan mako uku. Ta rubuta, ta ba shi ya sa hannu, ta rusuna ta yi wa Inna sallama, ta hau babur ɗinta.

Dabo ya tuna yana da aiki a wata unguwa.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin gado ta ce wa Murja ta haɗa mata zannuwa da maganin gwiwa, ta kuma kira mata Rashidu.

"Inna, don Allah," in ji Ɗanliti daga bakin ƙofa. "Don ke na yi."

"Don ni ka tura ni Kossodo cin ɗanyar shinkafa?"

Bayan la'asar motar Rashidu ta shigo layin. Mutane na zaune a ƙofar gidajensu, kowa ya ga an fito da jaka. Ɗanliti da kansa ya ɗauka, ya shiga gaba ya zauna, don kada a ce ko rakiya bai yi ba. Har suka isa Rashidu yana tuƙi yana ɗan kaɗa yatsa a kan sitiyari.

Ɗakin da aka tanadar mata babba ne, da na'urar sanyi da labule har ƙasa. Ɗanliti ya ajiye jaka, ya ce zai wanke hannu, ya tura ƙofar banɗakin. Gaskiya ya fi nasa. Ya tsaya yana duban kujerar, ɗaurarriya, mai sheƙi, hasken rana mai faɗuwa na shigowa ta 'yar tagar da ke daidai bayanta yana sauka a kan murfin.

Ya sake duban tagar. Rana a bayanta. Da yamma. Wato ita ma gabas take duba.

Daɗi ya cika shi tun daga ƙafa. Ya fito har yana tuntuɓe da tabarmar ƙofa. Inna na zaune a bakin gado tana murza gwiwa, Rashidu na nuna mata yadda ake kashe na'urar sanyi.

"Inna! Kin duba makewayin nan kuwa? Kin ga inda kujerarsa take..."

"Na gani tun zuwana na bara."

Rashidu ya daskare da abin kashe na'ura a hannu.

"To... to yaya za ki yi?" in ji Ɗanliti.

"A karkace zan zauna."

Ɗanliti ya tuna wata huɗu na meri, da bulo biyu, da farin karon da za a fasa gobe.

"A karkace? Inna, ana iya zama a karkace, shi ne ba ki zauna a karkace a can ba?"

Ta ɗago ta dube shi, irin duban da take masa tun yana ƙarami in ya yi tambayar wauta a gaban baƙi.

"Nan baƙuwa ce ni. Baƙo ba ya sa a fasa wa mutane ɗaki. A gidana kuma zan zauna a karkace?" Ta miƙa wa Rashidu hannu ya ba ta filo. "Mako uku matar nan ta ce. Ka tashi ka tafi tun da sauran rana, ka nemo Dabo. Kuma ka gaya wa Murja kada ta bari yara su taɓa min tabarma."

Rashidu ya ce zai maida shi a mota. Ɗanliti ya ce a'a, zai nemi tasi. Yana fita ƙofar gidan ya ciro waya ya kira Dabo, ya ce gobe da sassafe ya zo da guduma, da tiyo mai kyau, da kusoshi huɗu.

"Biyu ake sa mata, Alhaji."

"Na ce huɗu."